Azumin da Muka Yi Dakon Jar Kyasuwa

Azumin bana ya sake faɗowa cikin sanyi, kuma gwiwoyina sun riga kowa sanin haka. Ranar uku ga wata ɗana ya ɗauko ni daga asibiti, muka biyo ta unguwar Ƙiblatain a nan Madina, sai na hango ta a tsakiyar titi, jere reras, ta bushe ta yi launin kara, iska na kaɗa ta. Na ce masa ya rage gudu. Ya dube ni ta madubi ya tambaye ni da Larabci ko jiri nake ji, don shi Hausa yana jin ta sarai amma bakinsa ya ƙi ta. Na ce a'a, ciyawa nake kallo. Ya yi dariya ya ƙara wuta. Ban ga laifinsa ba, a shekarar da wannan ciyawa ta wahalar da mu yana cikina, wata biyar.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne. Muna zaune a wata gona bayan Bi'ir Ali, inda motocin masu Umra ke tsayawa a ɗaura harami. Mu uku ne: ni, da mijina Usman direban bas, da mahaifina. Baba mutumin ƙasar Gadarif ne a Sudan, daga ƙauyukan Hausawan nan da kakanninsu suka taso daga Sakkwato a ƙafa za su Makka, tafiya ta tsaya musu a hanya. Shi ya ƙarasa musu tafiyar. Shekara ashirin da biyu ya yi yana kula da dabinai da na'ana'a da albasa a gonar wani dattijo ɗan ƙasa, jikan Hausawa, wanda shi ne kafil ɗinsa, wato takardar zaman Baba, iƙama, a hannunsa take. Innata a nan ta rasu, aka kai ta Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin Masallacin Annabi. Tun daga ranar Baba bai da wani buri a duniya sai a kwantar da shi a ƙasar da take kwance. Ba ya ɓoyewa ma. In ka ce masa Allah ya ja kwana, sai ya ce amin, amma a Madina.

Sai dattijon ya rasu, gona ta koma hannun ɗansa Adil. Adil ba mugu ba ne, matashi ne mai sauri, kuma albasa ba ta gabansa. So yake ya mai da gonar istiraha, irin wurin nan da ake haya a yi biki ko a huta, da fitilu da ciyayi na ado. Wata rana da la'asar, zafi bai gama sakin gari ba, ya shigo da babbar mota cike da baƙaƙen tukwanen roba guda ɗari da hamsin. A kowace tukunya ciyawa ce mai dogon ganye siriri, ja mai duhu kamar jiƙaƙƙen zoɓo, da geza mai laushi a kanta tana rangaji.

Baba na yi masa Hausa, shi yana mayarwa da Larabci, haka suke tun yana yaro, yana ce masa ya ammi, wato baffana. Ina bakin ƙofa ina jin su.

"Ya ammi, daga Jidda na sayo ta. Gini ba zai ƙare ba sai bayan sanyi. Ka riƙe min ita da rai zuwa lokacin, in ma da hali ka ƙara yawanta."

"Ciyawa ce fa, Adilu. Ciyawa ake riƙe wa rai?"

"Ciyawar ado ce, ya ammi, ba ta awaki ba. Ka ji ni da kyau. Iƙamarka za ta ƙare wata biyu bayan ƙaramar Salla. Biza ɗaya nake da ita ta mai lambu. In ka iya wannan aikin, taka ce, halas. In ba ka iya ba, dole in kawo wanda ya iya. Wallahi ba don ba na ganin girmanka ba."

Baba ya ce babu komai, Allah ya yi albarka. Ni kuwa na san ba haka ba ne. Baba ya haura sittin, ba wani kafil da zai karɓe shi, kuma Usman ɗan ƙwadago ne, ba shi da ikon riƙe suruki a kan takardarsa. In Adil ya sake shi, sai jirgin Sudan.

Adil ya ce Larabawa na kiranta ciyawar nafura, don ganyenta na tashi ya lanƙwaso kamar ruwan da ake fesawa sama. Baba bai taɓa kiranta haka ba. Ya tsuguna, ya shafa gezar, ya shinshina, ya ce, "Uwani, zo ki ga kyasuwa ta yi lalle." Uwani yake ce mini don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Daga ranar ta zama jar kyasuwa a gidanmu. Kuma gaskiyarsa, kamar ta ɓaci. Duk wanda ya taɓa noma a ƙasarmu ya san kyasuwa: ta fito da damina, ta yi geza, ta zubar da iri, ta bushe, shi ke nan ta mutu. Wadda za ta fito baɗi 'ya'yanta ne.

Don haka abin da Baba ya fara yi shi ne abin da kowane manomin kirki zai yi, ya tanadi iri. Ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya yana zaɓen gezar da ta nuna, ya yanka da 'yar wuƙarsa, ya shanya a tabarma a kan rufin sito. Da ta bushe muka zauna muka murza da tafin hannu, har hancina ya toshe da ƙaiƙayi. Na duba tafina ban ga ƙwaya ba sai gashi-gashi. Na faɗa masa. Ya ce irin kyasuwa ma haka yake, a cikin gashin yake ɓuya, ke da aka raina a birni me kika sani? Ya gauraya da toka, ya ɗaure a buhun shinkafa, ya rataye a sama inda ɓera ba zai kai ba. Ranar har waƙa ya yi yana alwala.

Saura maganar sanyi. Mai sayarwa na Jidda ya gaya wa Adil ba ta buƙatar komai, a ba ta ruwa kawai. To ai a Jidda ne, garin da mutum ke gumi a tsakiyar hunturu. Baba na da ɗan ƙanwa, Yahuza, yana aiki a gonar furanni a Tabuk, can arewa inda ruwa ke daskarewa a famfo. Usman ya kai shi rumfar tarho suka kira shi. Yahuza ya ce, "Kawu, wannan ba ta son sanyi ko kaɗan. Ku shigar da ita ɗaki." Madina kuwa ba Jidda ba ce ba kuma Tabuk ba, ba wanda ya san dokar da ta hau kanta. Baba ya yanke shawara a bi ta Yahuza da yamma, a bi ta Jidda da rana.

Sanyi ya shigo tare da watan azumi, kamar sun yi alkawari. Usman ya ɓace mana, don watan Umra ne, bas ɗinsa ba ta hutawa tsakanin Madina da Makka, sai mu yi kwana huɗu ba mu gan shi ba. Aiki ya rage ni da Baba da baro guda mai ƙafa ɗaya da ke kuka. Baron na ɗaukar tukunya shida. Sawu ashirin da biyar da safe daga sito zuwa fili, sawu ashirin da biyar da yamma daga fili zuwa sito. Baba ke turawa, ni ke lodi da saukewa.

Ga yadda yinin yake. In an yi sallar asuba sai mu jira rana ta leƙo ta kan duwatsu, don Baba ya ce kada iskar safe ta mare ta. Mu fitar, mu jera ta jikin katangar da ke tare iskar arewa. Sai ban ruwa. Ruwan rijiyar gonar gishiri-gishiri ne, kuma a tanki yake kwana, in ya taɓa hannu kamar an yanke ka. Yatsuna suka tsage, na riƙa cusa man kitso a tsagar ina ɗaurewa da tsumma. Daga nan in shiga in share ɗaki, in jiƙa geron kunu, in ɗora shurba, romon da ake buɗe baki da shi a can. Kafin in miƙe bayana an kira la'asar, sai a koma wa baro. Dole a gama kafin magariba, don da rana ta faɗi sanyi ke saukowa cikin kwarin nan kamar an buɗe masa ƙofa.

Mutane na cewa azumin sanyi ba wuya, yini gajere ne, ba ƙishirwa. Waɗanda ba su yi dako a cikinsa ba ke nan. Ƙishirwa kam babu, amma yunwar sanyi daban ce, tun hantsi take fara cizo, ga ɗan cikina na nasa shurin. Baba ya ce in ajiye azumin, Allah ya yi mini rangwame. Na ƙi, don taurin kai na gado, kuma ina jin kunyar in ci abinci tsoho na tura baro da baki a bushe. In an sha ruwa da dabino uku da kunu mai zafi, sai mu ci abin da ya samu: shurba, da ragowar gurasar tamis da Usman ya kawo shekaranjiya, in ɗumama ta a kan murhu ta yi taushi. Sambusa sai ranar da maƙwabta suka aiko. Sau da yawa ina cikin tauna barci ke ɗauke ni.

Daffaya ɗaya muke da ita, 'yar na'urar ɗumama ɗaki mai aiki da gas. Ranar goma ga wata na shigo na tarar babu ita. Baba ya kai wa ciyawa sito.

Na ce, "Baba, ciyawa ta samu daffaya, mai ciki ta samu bargo?"

Ya ce, "Ke kina da bakin cewa kina jin sanyi, Uwani. Ita fa?"

Na yi dariya, amma raina ya sosu, kuma ban ɓoye wa kaina ba: na tsani ciyawar nan. Na tsani jan ganyenta, na tsani yadda take rangaji kamar amarya alhali bayana na neman karyewa. Sai in dubi Baba ya dafa baro yana haki, jijiyoyin wuyansa sun fito, in tuna abin da yake turawa, in sunkuya in ɗauki ta gaba.

Ranar ashirin da uku ga wata aka tashi da ɗumi, har na cire rigar sanyi. Bayan azahar sai gari ya yi baƙi daga yamma. Baba ya ɗaga kai ya ce maza. Mun shigar da sawu tara ke nan aka tsinke da ruwa, kafin mu ankara ya koma ƙanƙara, manya kamar 'ya'yan goro, tana dukan kwanon sito har ba ka jin maganar na kusa da kai. Baba ya jefar da baro ya riƙa rungumo tukwane biyu-biyu, rawaninsa ya warware yana jan laka. Na bi shi ina ihu ya dawo, bai ko waiwayo ba. Da aka ɗauke, kwarin da ke bayan gona ya cika yana gudu da jan ruwa, ƙasa ta yi fari fat, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na na'ana'a da aka farfasa ya cika ko'ina. Muka sha ruwa a tsaye, jikinmu na ɗiga.

Bayan ruwan sama ta washe, aka yi kwana uku ana wani sanyi da tsofaffin unguwar suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Wadda ƙanƙara ta doka ta fara bushewa, sannan wadda ba ta doka ba ta bi sahu. Ja ya koma ruwan ƙasa, ruwan ƙasa ya koma launin kara. Mun ci gaba da dakon duk da haka har daren Salla, safe da yamma, muna jigilar busasshiyar ciyawa kamar marasa hankali. Ranar Salla Usman ya sake kai Baba tarho. Yahuza ya ce, "In ta bushe ai ta mutu, Kawu. Mu nan zubarwa muke yi, mu sayo sabuwa daga Jidda." Bai yi ƙarya ba, a Tabuk ƙasar kanta ke daskarewa.

Abin mamaki, Baba bai karaya ba. Ya dawo yana murmushi ya nuna buhun da ke rataye. "To me? Uwa ta mutu, 'ya'ya na nan. Ɗari da hamsin ya ba ni, ɗari biyar zan mayar masa."

Tukwane yake buƙata don shuka, saboda haka bayan Salla da kwana uku muka juye su. Ni ke riƙe tukunya, shi ke bubbuga gindinta, dunƙulen ƙasa da saiwa ya faɗo, mu watsa bayan katanga, gefen tankin da ke yoyo. A ta goma ko sha ɗaya na tsaya. Saiwar ta cika tukunyar tam, fara ce, na ja ta da farce na ji ta da ƙarfi, ba ta ruɓe ba.

Na ce, "Baba, saiwar nan fa kamar da ranta."

Ya ce, "Saiwar gero ma fara ce bayan girbi. Kin taɓa ganin kututturen gero ya sake haihuwa? Miƙo ta gaba."

Na miƙa. Na gaji ne, wallahi, gajiyar da ba ta barin mutum ya yi gardama. Bayana na ciwo, ƙafafuna sun kumbura, kuma a ƙasan raina murna nake yi dako ya ƙare. Da na ce a bar ko goma a gefe mu gani, da ya bari, don bai taɓa hana ni abin da na nace a kai ba. Ban nace ba.

Ya tankaɗe sabuwar ƙasa da taki, ya cika tukwane, ya barbaɗa irinsa da bismilla, ya rufe da yashi kaɗan. Gari ya fara ɗumi. Kullum da safe sai ya tsuguna ya kwantar da kai daidai bakin tukunya yana leƙe. Kwana bakwai shiru. Ya ce ƙasa ba ta gama ɗumi ba. Kwana goma sha huɗu wasu 'yan kore suka ɓullo, ya kira ni da gudu, kwana biyu bayan nan suka buɗe ganye, ashe ciyawar taki ce. Ya sake shuka ragowar irin, wannan karon ya jiƙa shi tukuna. Ya daina waƙa. Ya rage cin abinci. Yakan zauna kan buhu a gaban tukwanen da carbi a hannu har rana ta dake shi, ni kuma in leƙo ta taga in koma.

Da Adil ya zo, Baba bai jira tambaya ba. Ya miƙe ya gyara rawani.

"Adilu, amanarka ta mutu a hannuna. Na tanadi iri, irin bai fito ba. Ban da abin cewa."

Adil ya daɗe yana kallon tukwanen. Ya sumbaci kan Baba, ya ce Allah ya ƙaddara, ya ammi. Bayan mako uku aka buga wa Baba fita ta ƙarshe, wadda ba dawowa.

Ranar da zai tafi Jidda ya hau jirgin ruwa, muka raka shi Harami, Masallacin Annabi. Bayan la'asar aka buɗe Baƙi'a ya shiga cikin maza, ni na tsaya a waje jikin katanga tunda mata ba sa shiga. Ya daɗe. Da ya fito idonsa a bushe, ya ce, "Na yi mata sallama. Na ce ta yi haƙuri, na so in zo." A nan na fashe da kuka, mutane na ratsa mu suna wucewa.

Mu ma muka tashi daga gonar, muka kama ɗaki a gari. Bayan kwana arba'in na koma ɗauko turmina da na bari a sito, cikina ya tsufa, da ƙyar nake ɗaga ƙafa. Na zagaya bayan katanga don in gaida sabon mai lambu, wani siririn mutum ɗan Bangaladash. Na same shi zaune a kan tulin da muka zubar, da wuƙa a hannu. Tulin ya yi ja. Kowane dunƙule ya tsiro da sababbin ganye masu tsini, jajaye, sun sha yoyon tanki sun tashi. Yana ɗaukar dunƙule ya tsaga shi huɗu, ya dasa kowane yanki a tukunya, a tukwanen nan dai namu.

Na tambaye shi da Larabcina na kasuwa, ya amsa da nasa. Ya ce ba mutuwa ta yi ba, barci take. A gari irin Madina in sanyi ya busar da ita, aske ta ake yi a bar kamar tsawon tafin hannu, a rage mata ruwa, a ƙyale ta a inda take. Na ce iri fa? Ya yi dariya, ba ta mugunta ba. Ya ce wannan ja ɗin ba ta da iri sam, gezar ado ce kawai, ko shekara za ka yi kana shukawa ba abin da zai fito. Daga saiwa ake raba ta. Ya ce wanda ya zubar da wannan ya bar masa arziki.

Na nemi wuri na zauna a kan baron. Yanzu kowane leburan da ke gyaran titi ya san wannan, jikata ma in ta latsa waya za ta gaya maka cikin minti ɗaya. A lokacin ba mu da wanda za mu tambaya sai mai sayarwa a garin da ba a sanyi, da Yahuza a garin da sanyi ke kashe komai.

Usman ya je ya sami Adil. Adil ya dafe kai ya yi ta salati, ya rantse bai sani ba, kuma na yarda da shi. Amma biza ta riga ta hau kan wani, kuma ba a ba wanda ya haura sittin sabuwa.

A zamanin kaset muke aika wa juna ta hannun matafiya. Baba ya aiko guda biyar cikin shekara uku. A kowanne, bayan gaisuwa da sa wa jariri albarka, sai ka ji kukan kaji a bayansa, sannan ya ce, "Uwani, Adilu ya samu wanda ya iya masa ciyawar nan? Ki ƙara ba shi haƙuri. Ina ga laima ce ta shiga buhun." Ni kuma in zauna gaban rakoda in ba shi labarin haƙoran yaro, da tsadar haya, da wanda ya yi aure da wanda ya rasu. Sau biyu na fara faɗa masa, na tsayar, na mayar da kaset baya na goge.

Damina ta uku ya rasu, aka binne shi a baƙar ƙasar Gadarif, teku tsakaninsa da Inna. Ya tafi yana zaton ciyawar mutuwa ta yi, ni kuma na bar shi a haka, don na kasa gaya wa tsoho cewa da ranta muka zubar da ita, kuma ni na riƙe masa tukunyar.